Ranar da Na Kulle Ƙofar Labo

Kofin da na sha ruwa da shi ba a mayar da shi cikin 'yan'uwansa ba.

Da gefen ido na gani. Kubra ce ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta kai shi can gindin katanga inda ake ajiye butoci, ta kife. Mata suka ci gaba da hirarsu da Barbarci, jaririyar da ake wa suna tana barci a cinyar kakarta, ni kuwa ina zaune a bakin tabarma na rasa inda zan sa hannuwana.

Gidan su Kashim ne, mai nemana da aure, a Diffa Kura. Ƙanwarsa ce ta haihu, Gwaggo Hawa kuma, ƙanwar mahaifina da nake zaune a wurinta tun da aka turo ni aiki garin nan, ta ce dole mu je.

“Uwar yaro ta gan ki da idonta, Ummusalma. Ya fi a riƙa kai mata labarinki.”

Ga ni kuwa, ta gan ni.

“Ke ce 'yar Damagaram ɗin?” Ya Fanna, mahaifiyar Kashim, wadda kowa ke kira Ya, ta tambaya da Hausarta mai nauyin harshe. Doguwar mace ce, siririya, carbi a naɗe a wuyan hannunta.

“Ni ce, Ya.”

“An ce aikin likita kike.”

“A labo nake, inda ake yin gwaji.”

“Fitsari take aunawa, Ya,” in ji Kubra, tana murmushi kamar yabona take. “Tun safe har la'asar. Na maza, na mata, na wanda ma ba ya salla...”

Kubra 'yar ƙanwar Ya Fanna ce. A hannunta ta girma tun lokacin da suka gudo daga Baruwa, kuma babu wanda bai san cewa Kashim take jira a gidan ba.

“Da hannunki?” in ji Ya Fanna.

“Da safar hannu, Ya.”

“Ki yi salla da kayan?”

“Ina sakewa.”

“Ki kuma tuƙa tuwo.”

Wannan ba tambaya ba ce. Ta gyara wa jaririyar wuya, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

“Mahaifin Kashim Goni ne, mahaddacin Alƙur'ani. Shekara talatin da biyu ban taɓa miƙa masa ruwa ba sai da alwala a jikina. Har yau alwalar asuba ce take kai ni la'asar.”

Matan suka jinjina kai. Gwaggo Hawa ta taɓa ni a gwiwa, muka yi sallama.

*

Ban iya mutane ba, tun ina lakwal, wato makaranta, haka nake. Shekara biyu na yi a Diffa, daga gida sai labo, daga labo sai gida. Labon ɗaki ne mai taga ɗaya a ƙarshen barandar asibiti. Mutane suna miƙo mini kwalba suna kau da kai, ni ma in karɓa ina kau da kai. Na san abin da ke cikin jikin rabin unguwa, amma ba wanda ya san sunana.

Sai Kashim.

Jini ya zo bayarwa, wa wata mata daga sansanin 'yan gudun hijira na Asaga da ke yi musu tsinkar tattasai. Ƙato ne, hannuwansa jajaye da ƙurar tattasai, ya zauna yana ba ni labarin yadda yake ɗaukar injin ban-ruwa shi kaɗai a kafaɗa. Na fito da allura, na juyo, sai na tarar da shi ya sulale daga kan kujera.

Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne, “Malama, don Allah kar a ji wannan a bakin kogin Komadugu.”

Ba a ji ba. Daga baya ya ce ranar ya gane cewa ni mai riƙe magana ce, shi ya sa ya dawo.

Washegarin suna, bayan la'asar, ya zo ƙofar gidan Gwaggo. Ya zauna a benci, ni a kan turmi, tsakaninmu akwai tazarar da Gwaggo ta yarda da ita.

“Na ji labarin kofi,” ya ce.

“Ba komai.”

“Salma ta, in kin ce ba komai, to da komai.”

Na sunkuyar da kai.

“Ya haka take. Kamar Komadugu ce, ba ta zuwa da wuri. Kowace shekara sai mun fid da rai sannan mu tashi da safe mu ga ruwa. Ki bari a gama tsinka, a sayar, baffannina za su zo wurin mutanenku.”

“In ta ce in bar aikin fa?”

“Sai ki bari in suma a hannun wa?”

Na yi dariya ban shirya ba. Ya ji daɗi, ya gyara zama.

“Wai ni kam, me kike gani a cikin madubin nan da kike wuni kina leƙe?”

“Ƙwayoyin cuta. 'Yan mitsi-mitsi, kamar gutsuren tsinke.”

“Daga ina suke shiga mutum?”

“Yawancinsu tare muke da su. A hanji suke zaune, a can ba sa cutar kowa. In suka sami hanya suka hau mafitsara ne ake samun matsala. Suna da wasu 'yan gashi a jiki, da su suke maƙalewa a bango, su yi ta hayayyafa. Ɗaya ta zama biyu kafin ka gama shan shayi.”

“Ba mai korarsu?”

“Fitsarin kansa. Duk lokacin da mutum ya zaga, yana wanko su waje. In ya riƙe kuwa, ko ba ya shan ruwa...”

“Kamar rariyar gona ke nan,” ya katse ni. “In ruwa yana gudu fes take. Ya kwana biyu a tsaye, sai gansakuka.”

“Haka ne.”

“Kin ga? Da ma ni ma likita ne, allura ce kawai ta hana ni.”

Ya tafi ya bar mini ƙullin tattasai. Kwana uku Gwaggo tana atishawa tana sa masa albarka.

*

Ranar wata Juma'a ce, cikin tsakiyar tsinka. Maza sun tafi masallaci, baranda ta yi tsit, ina goge tebur. Na ji takun mutum biyu, ɗaya yana jan ƙafa.

Ya Fanna ce, Kubra tana riƙe da hannunta.

Da ta gan ni sai ta tsaya cak. Ina jin ba ta san cewa nan za a turo ta ba. Fuskarta ta faɗa, leɓunanta sun bushe sun tsattsage, hannu ɗaya yana dafe da ƙugunta ta baya.

“Masassara ce,” in ji Kubra. “Majo Magagi ya ce a yi gwaji.”

Majo Magagi shi ne babban mai jinya. Na karɓi takardar. Ba gwajin masassara kaɗai ya rubuta ba.

“Kubra, ba a buga hatimi ba. Ki kai ta ofishin da ke bakin ƙofa.”

Ta harare ni, ta tafi. Na ɗauko kwalba na rusuna.

“Ya, ga wannan. Bayan gida yana nan kusa, zan raka ki.”

Ba ta karɓa ba. Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Sai na ga jikinta ya ɗauki rawa, ta matse ƙafafunta, ta kama bakin tebur.

“Yarinya...” ta ce.

Na ji ƙarar kafin in gani. Fitsari ne, a kan siminti, tsakanin takalmanta.

Ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon ƙasa, bakinta a buɗe, kamar wadda aka aiko wa da rasuwa. Can nesa na jiyo takun Kubra tana dawowa.

Ban yi tunani ba. Na tura ƙofar, na murɗa makulli.

“Ke, lafiya?” Kubra ta buga. “Buɗe mana.”

“Gwaji muke. Ki jira a benci.”

“Wane irin gwaji ne da kulle ƙofa? Ya? Ya!”

Ya Fanna ta ɗaga hannu tana girgiza mini shi. Kar ki buɗe. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta cusa gefen lafayarta a baki, ta fara kuka.

Na ɗebo ruwa a bokiti. Na taimaka mata ta tuɓe, jikinta kamar garwashi. Ta kasa tsayuwa, don haka ni na wanke mata ƙafafu har sama. Na ba ta zanen da nake salla da shi ta ɗaura daga ciki. Na wanke inda ya ɓaci a lafayar, na shanya a kan kujera, na juya mata fanka. Na goge ƙasa sau biyu. Duk wannan ba ta daina kuka ba, Kubra kuma ba ta daina bugu ba.

“Tun yaushe, Ya?” na tambaya a hankali.

“Wata... ya fi wata. Zafi kamar an zuba barkono. In je, ɗigo biyu. In dawo, ya sake kama ni.”

“Kin sha magani?”

“Na masu tire. Kafso ja da rawaya. In ya lafa in bari.”

Ta share fuska, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, “Wannan ba ciwon matan banza ba ne? Ni da na riƙe kaina shekara tara tun rasuwar Goni. Me na yi?”

“Ba ki yi komai ba, Ya. Wallahi ba ciwon banza ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce. 'Yan mata suna yi, tsofaffi suna yi, jarirai ma suna yi. Ƙwayoyi ne da ke cikin hanjin kowa. Mu mata hanyar fitsarinmu gajera ce, kuma kusa take da ɗayar, shi ya sa ba su da wuyar hawowa. Ko wurin tsarki, in hannu ya taho daga baya zuwa gaba, yana iya kawo su.” Na zuba ruwa a kofi na miƙa mata. “Sau nawa kike shan ruwa a wuni?”

“Da asuba. Sai in na dawo daga gona.”

“Me ya sa?”

Ta murza carbinta.

“A Asaga na koya. Da muka gudo, bayan gida ɗaya ne na mutum ɗari. Layi, maza a nan, mata a nan, kowa yana kallon butar kowa. Matar Goni ta tsaya a layi da buta, ɗaliban mijinta suna gani? Sai na daina sha da rana. Yanzu ma a gona ina zan je? Fili ne fetal, ga 'yan ƙwadago. Kuma alwalata tana zama.”

“Shi ne ya ba su wurin zama, Ya. Babu abin da ke wanko su. Kafson nan kuma ya kashe raunana ya bar masu ƙarfi. Wannan zazzaɓin da ciwon bayan, alama ce sun fara hawa ƙoda. In suka shiga jini, ana rasa rai.”

Ta dubi kofin da ke hannuna. Ta karɓa, ta shanye. Na ƙara mata, ta shanye.

Sai da muka jira ruwan ya sauka kafin na sami abin gwaji, a cikin wani ƙaramin baho a bayan labule. Kafin nan lafayar ta sha iska. Kusan awa ɗaya ke nan. Na naɗa mata ita yadda ba za a ga zanena ba.

Na kai hannu ga makulli, ta kama wuyan hannuna.

“Ki rantse.”

“Ya, aikina ma ya hana ni faɗa.”

“Ba ruwana da aikinki. Da Allah za ki rantse. Ba Kubra ba, ba gwaggonki ba. Kashim kuwa...” Muryarta ta karye. “Ranar da ɗana ya ji, ranar na gama fita daga ɗaki.”

Na rantse.

Na buɗe ƙofa. Kubra ta dubi kumburarrun idanun Ya Fanna, ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Na ma fi son da ta yi zagi.

*

Na shafa abin gwajin a faranti na sa a na'urar ɗumi. Washegari ya cika da ɗigo-ɗigo. Na jera musu magunguna iri shida a wani farantin, don in ga wanda zai kashe su. Huɗu ba su yi musu komai ba, har a jikin maganin suka tsiro. Biyu ne suka share fili a kewayensu.

Na rubuta, na liƙe ambulan, na kai wa Majo Magagi da hannuna. Ya canza mata magani zuwa allura. Kwana bakwai wata ma'aikaciya tana zuwa gida tana yi mata. A gidan an ce masassara ce mai naci.

Ranar Talata, a kasuwa, Gwaggo ta jiyo labarin.

“Ummusalma, me kika yi wa tsohuwar nan?”

“Me aka ce?”

“An ce kin kulle ta a ɗaki kin rama abin kofi. Kin ce yau ga matar Goni a hannun mai fitsari. An ce har waje ana jin kukanta.”

“Ƙarya ne, Gwaggo.”

“Na sani. To mene ne gaskiyar?”

Na yi shiru.

“Ni ma?” ta ce. Ta juya ta shiga madafa.

Kashim bai zo ba ranar, bai zo ba washegari. Na kira sau ɗaya, ba a ɗauka ba, ban iya sake kira ba. Ina tashi daga aiki in zauna a kan turmin nan har a kira magariba, in shiga ciki.

Mako biyu da haka na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Ranar Lahadi na hau a-daidaita zuwa bakin kogi, inda suke shanya tattasai. Ƙasa ta yi ja har iyakar gani, iska tana sa hawaye. Na hango Ya Fanna a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ita kaɗai, tana tsince ruɓaɓɓu. Ta yi ƙiba kaɗan. A gefenta akwai jarkar ruwa, ta kusa rabi. Can baya kuma an kafa wani ɗan zagaye na zana, sabo.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon tattasai.

“Jiki ya yi sauƙi, Ya?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ya... kin ji abin da ake faɗa.”

“Na ji.”

“Kalma ɗaya ce daga bakinki. Ba sai kin faɗi abin da ya faru ba. Ki ce kawai ban ci mutuncinki ba.”

“Sai a ce to me ya sa ni kuka. Sai a ce me ya sa aka kulle ƙofa. Kubra ba ta gajiya da tambaya.”

“To ki sake ni daga rantsuwar. Kashim kaɗai zan faɗa wa.”

Hannunta ya tsaya.

“Shi ne ma wanda ba za ki faɗa wa ba.”

Na ji hawaye suna zuwa, na ɗora wa tattasai laifin.

“'Yar Afuno,” ta ce, wato 'yar Hausawa, amma ba da gatse ba. “Ki saurare ni. Abin da kika yi mini, 'yar da na haifa ban sani ba ko za ta yi. Ina sa ki a addu'a kullum, Allah shi ne shaida. Da na ce hannunki da najasa, na yi kuskure.”

Na ɗago kai.

“Amma ba zan iya ba. Suruka ana jin nauyinta, ita ma tana jin nauyin matar ɗanta. Ke kin wanke ni kamar jaririya. Ta yaya za ki durƙusa ki kawo mini abinci in ɗaga ido in dube ki? In yi miki faɗa da wane baki? Yanzu ma da kike nan, warin ranar nake ji.”

“Ni na manta, Ya.”

“Ni ban manta ba.”

Tun da na zo ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na gane ba ƙiyayya ce ta hana ta ba. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi haƙuri da ita har ta huce.

“Na ce masa ba na son in sake ganin ki,” ta ce. “Ban ƙara komai a kai ba, ban kuma rage ba. Allah ya ba ki wanda ya fi shi.”

*

Kashim ya zo ranar Alhamis bayan la'asar. Ya rame. Bai zauna a benci ba sai da na ce ya zauna.

“Salma.”

“Na'am.”

“Kwana ashirin ina faɗa da mutanen gidanmu. Na ce Kubra ƙarya take. Na ce wadda na sani ko kaza ba ta iya kora da tsawa. Baffana Ari ya ce to a tambayi Ya. Aka tambaye ta a gabana. Ta ce ita dai ba ta son ta sake ganin ki.”

“Na sani.”

“Kin sani?”

“Na je wurinta.”

Ya dube ni da mamaki, sai kuma wani ɗan haske ya zo fuskarsa.

“To faɗa mini. Me ya faru a ɗakin nan?”

“Ban ci mutuncinta ba, Kashim. Na rantse da wanda ya halicce ni.”

“Na yarda. Me ya sa ta kuka?”

Na yi shiru.

“Wata cuta kika gani? Mutuwa za ta yi?”

“A'a. Ta warke sarai.”

“To mene ne?”

“Ba zan iya faɗa ba.”

“Uwata ce fa.”

“Shi ya sa.”

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

“Ki gane mini, rabin raina. Matar nan da ƙafa ta taho daga Baruwa, littattafan mahaifina a kanta. Mun bar gida, mun bar gona, mun binne shi a Asaga a cikin rairayi. Ban ga hawayenta ba. Ko sau ɗaya. Sai ta shiga ɗakinki awa ɗaya ta fito idanu a kumbure, ki ce mini ba komai?”

“Ban ce ba komai ba.”

“To ki ba ni abin da zan riƙe. Ko mene ne. In kuskure kika yi, in kai ki ki ba ta haƙuri. In ita ta yi miki, in san yadda zan lallashe ta. Wallahi zan tsaya a gaban baffannina duka. Amma ba zan tsaya hannu wofi ba, in ce uwata ta yi kuka a banza.”

Maganar tana nan a bakina. Gajera ce, ba ta kai numfashi ɗaya ba. Na san abin da zai biyo baya. Zai rufe ido don kunya, sannan ya dube ni yadda bai taɓa dubana ba. Zai koma gida da ƙarfinsa. Kuma da ya shiga ya gaishe ta, daga yadda zai sunkuyar da kai za ta gane. Uwa ce. Za ta shiga ɗaki ta saki labule, matar da ta sha ƙishirwa shekara da shekaru don kar a gan ta da buta.

Ni kuma in shiga gidan a matsayin amarya, in riƙa wucewa ta gaban labulen.

“Kin tuna ranar allura?” ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. “Na ce wannan yarinya akwai riƙe magana. Ban san a kaina za ta ƙare ba.”

Na so in yi dariya, sai kuka ya fito.

“Kar ki yi kuka. Magana nake so, Salma. An ce in ba da amsa gobe bayan Juma'a. Kubra suke so a tsayar.”

“Na ji.”

“Shi ke nan? Kin ji?”

“Ina son ka,” na ce. Ban taɓa faɗa masa da bakina ba sai ranar. “Ban taɓa son kowa ba sai kai. Wannan shi ne abin da nake da shi.”

Ya rufe ido.

“Da ɗayar maganar fa?”

Na girgiza kai.

Bai yi fushi ba. Ya zauna, ni ma na zauna. Wata mai tallar kifi ta wuce ta yi mana sallama, ba wanda ya amsa. A cikin gida na ji Gwaggo ta daina daka, tana saurare. Inuwar katanga ta taho a hankali ta rufe ƙafafunsa, ta rufe nawa. Sau biyu ya ɗago kamar zai sake tambaya. Sau ɗaya ni ma na buɗe baki, na mayar na rufe.

Da ladan ya fara gyaran murya, sai ya miƙe. Ya ɗaga bencin ya jingina shi a bango inda Gwaggo take son a ajiye shi, ya kakkaɓe rigarsa.

Ya bi lungun a hankali, hannuwansa a baya, har ya sha kwana.